Zuwa ga ƙanena direban Illela, kan motar da ta ƙone ba ta tashi ba

Assalamu alaikum ƙanena,

Ran da anka gayyace ni gidan rediyo kan maganar kula da mota lokacin zafi, kai ne ka bugo waya na ƙarshe, lokaci ya ƙare ban samu na ba ka amsa ba. Ka ce wata mota ta kama da wuta gabanka a hanyar Illela, duk kunka watse kunka laɓe kuna jiran ta tashi awa yadda kuke gani a fim, amma ta yi ta ci har ta koma ƙwarangwal ba ta tashi ba, to shin Allah ne ya tsare ko ko masu fim ne ke yi muna ƙarya. Tunda jama'a sun ji tambayar, gara amsar ma kowa ya gani.

Tsarewar Allah kam kullum cikinta muke. Amma abin da ka gani haka mota ke cin wuta ko'ina a duniya, a Sakkwato ne ko a Amurka.

Fetur ɗin da kake gani ruwa a jarka ba shi ke kamawa ba, tururin da ke tashi daga kansa ne, wanga warin da ke bugun hancinka in ka tsaya wajen 'yan bumburutu da rana. Shi kuma tururin ba ya kamawa sai ya samu iska daidai gwargwado, daga wajen kashi 1.4 zuwa kashi 7.6 cikin 100 na iskar wurin. In ya gaza haka ba ya ci, in ya wuce haka ma ba ya ci. To cikin tankin mota da ke rufe, ballantana a zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, tururi ya cika wurin maƙil, babu iskar da wuta za ta rayu da ita. Duk ɗan kabu-kabu ya san wanga abu ko da bai san sunansa ba: mashin ya sha mai, falogi na kawo wuta tas, ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa ka ba zai tashi ba, sai ka kwance falogi ka goge ka bari iska ta shiga. Haka cikin tanki yake. Shi ya sa ko harsashi ya huda shi, dalma ce da jan ƙarfe, rami kawai zai yi mai ya dinga zuba ƙasa.

Kuma mafi yawan motocin yanzu tankinsu na roba ne mai kauri. In wuta ta kai gare shi narkewa yake, mai ya kwarara kan kwalta, sai ka ga harshen wuta ya miƙe sama da baƙin hayaƙi lokaci ɗaya. Abin tsoro ne wallahi, amma ba irin wadda ke cilla mota sama tana juyawa ba.

Ita wutar ma ba daga tanki take farawa ba yawanci, daga cikin bonet ne, kuma mu da ke gareji muna ganin sanadin kullum. Fis ya ƙone, maimakon a nemi dalilin ƙonewarsa sai a samu siririyar waya a naɗe a mayar, to an kashe mai gadi kenan, gobe in waya ta goge ta taɓa bodi babu abin da zai yanke wutar, sai robar wayar ta narke ta kama. Ko tiyon mai ya bushe ya tsage saboda zafi yana feso fetur kan inji. Ko baƙin mai na ɗiga kan salansa wata da watanni mai mota na cewa ai kaɗan ne. Ko batir ba a ɗaure shi ba, an tokare da dutse ko tsumma, a faɗa rami ɗaya kan batir ya taɓa ƙarfe. Ga sifiku da fitilun ado da ake jonawa kai tsaye daga batir babu fis. Kafin ka ga wuta za ka fara jin warin roba na ƙonewa, sai farin hayaƙi ta gefen bonet, wani lokaci ka ga fentin bonet ɗin ya kumbura ya yi bororo a wuri ɗaya.

Na san za ka ce ai kun ji ƙara, fam fam. Tayoyi ne ke fashewa. Sai eyabag na sitiyari, sai shokozoba, sai waɗannan ƙananan sandunan masu iska da ke riƙe bonet ko but in an buɗe. Su ne ma na fi jin tsoro, don in sunka yi zafi suna iya cillowa da ƙarfin da za su huda ƙafar mutum. Saboda haka kar ka tsaya daidai gaban motar da ke ci ko daidai bayanta, kuma kar ka matsa don ɗaukar bidiyo.

Su kuwa masu fim aikinsu daban ne, sana'a ce mai zaman kanta. Motar da za a tayar an zuƙe man tankinta tun farko, sau da yawa ma an cire inji. Sai a kawo tukwanen ƙarfe masu buɗaɗɗen baki a ɓoye cikinta, a sa albarushi a ƙasa a ɗora fetur cikin leda ko roba a sama. In an danna maɓalli albarushin ya watsa fetur ɗin sama ya zama feshi, ya gauraya da iska, sai ka ga ƙatuwar dunƙulen wuta ja. Wato abin da tanki ya hana, su da gangan sunka haɗa shi. Tashin da motar ke yi sama kuma wani bututu ne a ƙarƙashinta da ke harba gungumen icce ko ƙarfe ƙasa da ƙarfin matsattsiyar iska, shi ke kifar da ita. Sannan a ɗauka da kyamara da yawa ta kusurwa daban-daban, a rage gudun hoton, abin da ya faru cikin daƙiƙa biyu a ja shi ya daɗe. Ƙarar ma daga baya ake ɗora ta.

Wannan maganar ƙara ka lura da ita in ka koma gidan kallo. Abu ya fashe can nesa, amma ganinsa da jinsa lokaci ɗaya. Alhali sauti na tafiyar wajen mita 340 ne a daƙiƙa, kilomita ɗaya sai ya ci kusan daƙiƙa 3, shi ya sa da damina kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa. Haka in akta ya harbi yaron bos ya tashi sama ya faɗa ta taga, da harsashi na da ƙarfin ɗaga ƙato haka da shi mai harbin ma bindigar ta watsar da shi baya, don ƙarfin da ya tafi gaba shi ne ya dawo kafaɗarsa.

Ni ba ni da faɗa da fim, kowa da nishaɗinsa. Abin da ke ci mani rai shi ne wagga ƙarya ta bi mu har kan titi tana sa mu yin abin da ke kashe mutane.

Mota ta yi hatsari a hanyar Gusau ko ta Tambuwal, jama'a su rugo da niyyar alheri, wani ya yi ihu za ta fashe za ta fashe, sai a kama mutum ta hannu da ƙafa a finciko shi ta taga. Babu wuta, babu ko hayaƙi, abin da anka gani tururin ruwan lagireto ne ko ƙurar eyabag. Mutumin da ƙashin wuyansa ya tsage kawai, da an bar shi yadda yake har a samu abin ɗaukarsa a miƙe da ƙila ya tashi, sai finciken ya taɓa lakarsa ya ƙare rayuwarsa a kwance. In babu wuta, mutum na numfashi, yana kukan wuya ko baya ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a kashe mota, a cire kan batir, a riƙe masa kai kar ya motsa, a kira rod sefti a 122. In kuwa wuta ta riga ta kama to a fitar da shi ko ta yaya, nan babu jira.

Ɗaya gefen kuma shi ne naku na ranan, kowa ya gudu. Alhamdulillahi ka ce ba kowa ciki. Amma da akwai yaro a kujerar baya? Mintunan farko da wuta ke cikin bonet su ne damar da ake da ita ta buɗe ƙofa, a yanke bel, a fasa gilashin gefe. In an ɓata su wajen jiran fashewar da ba za ta zo ba, hayaƙin soson kujera da roba ya cika ciki, kuma guba ne, shi ke kayar da mutum tun wuta ba ta taɓa shi ba.

Abin takaicin, inda haɗarin gaske yake can muke rugawa. Tanka ta faɗi, lita dubu 33 ko fiye na malala cikin kwata, tururinsa ya fi iska nauyi yana bin ƙasa yana yaɗuwa inda ido ba ya gani, ga iska ko ta ina, sharaɗin kamawar wuta da tankin motarka ya rasa duk ya cika a nan. Garin Majiya a jihar Jigawa, watan Oktoba 2024, sama da mutum 150 sunka rasu. Mararrabar Dikko a jihar Neja, Janairu 2025, sama da 80. Yawancinsu sun je ɗibar mai ne da bokiti da jarka. Allah ya jiƙansu ya gafarta masu. Na san halin da ake ciki tun da anka cire tallafi a 2023, amma in ka ga tanka kwance, juya da fasinjojinka ka yi nisa, kar ka tsaya ko kallo.

Tankin da babu mai cikinsa ma ya fi cikakke haɗari, don shi iska ta samu shiga. Tsofaffin masu walda ba su kusantar tanki da wuta sai sun wanke shi sun cika shi da ruwa, ka ga yaro zai yi maka waldar tanki a bushe ka hana shi. Sai tukunyar gas. Ta CNG da ake sa wa motoci yanzu matsin cikinta ya kai 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, na tayarka kuwa 2 ne da ɗan abu. Wadda anka ƙera don aikin tana da bawul da ke sakin iskar in ta yi zafi, amma wadda wani ya haɗa da walda a lungu ita kam tana fashewa da gaske, kar ka yarda a sa maka don araha.

In taka ta fara hayaƙi kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe ta, ka fitar da mutane tukuna kafin kaya. Kar ka wangale bonet, iska za ka ba ta ta taso maka a fuska, ka ja makullin bonet ɗin ya ɗan ɗaga ka fesa tukunyar kashe wuta ta kafar. Kar ka watsa ruwa kan fetur, yana tasowa saman ruwa ya bi shi ya yaɗu, yashi ya fi, kuma mu nan ba mu rasa yashi. In ta riga ta kai kujeru ko tayoyi ka bar ta ga 'yan kwana-kwana, ka ja mutane nesa. Tukunyar kashe wutar nan da kuke saye don rod sefti, ka duba allurarta tana kan kore kuwa, ka fiddo ta daga ƙarƙashin kaya a but ka ajiye inda hannunka zai kai. Jarkar man da ku 'yan hanyar Illela kuke ɗaurawa bayan kujerar fasinja kuwa don Allah a daina, ga zafi ga gilashi a rufe ga mai kunna sigari da ashana.

In ka shigo gari ka biyo gareji in duba maka akwatin fis ɗinka da tiyon mai, ba sai ka biya ba. Ka gaida mutanen tasha.

Yayanka,
makanike a Sakkwato