Rigar roba da tarihin ninkaya da aka kafa da ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka don in ja hankalin masu rubuta shafin wasanni, da masu shirya gasar ninkaya a nan Kano, kan wani abu da ake tsallakewa duk lokacin da aka ce wane ya kafa tarihi a ruwa. Lokacin da agogo ke nunawa na mutum ne tare da abin da ke jikinsa. A shekarun 2008 da 2009 riga ta yi wa 'yan ninkaya aikin da horo bai yi musu ba, amma lokutan da aka yi a cikinta suna jere a littafi ɗaya da na kowa, babu ko alama a gefensu.

Ga yadda abin ya faro. A watan Fabrairun 2008 kamfanin kayan ninkaya Speedo ya fito da rigar LZR Racer, wadda aka gwada yadinta a ɗakin gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Ba a ɗinka ta da zare ba, narka bakin yadin aka yi aka manne shi, don kada ruwa ya sami tudun ɗinki ya riƙe. A ƙirji da ciki da cinya an liƙa faifan wata roba mai santsi da ake kira foliyuretan. A gasar Olamfik ta Beijin a wannan shekarar an kafa sabon tarihin duniya sau 25 a ninkaya, 23 daga ciki a cikin wannan riga. Da sauran kamfanoni suka ga haka, sai Arena da Jaked suka yi tasu da roba zalla daga kafaɗa har idon sawu. A gasar duniya ta birnin Rum a 2009, cikin kwana takwas, an kafa sabon tarihi sau 43.

Wanda bai saba da ruwa ba zai ce riga ai riga ce. Ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, saboda haka duk wani ɗan tudu ko rawar nama a jiki birki ne. Rigar roba tana matse jiki tam, cinya da ciki su daina kaɗawa, mutum ya miƙe sambal kamar gora. Sannan roba ba ta shan ruwa, kuma tana kulle iska tsakaninta da fata, sai ƙugu da ƙafafu su taso sama. Wannan shi ne babban amfaninta. A mita 50 na ƙarshe, idan gajiya ta zo, ƙafafu ne ke fara nutsewa, ɗan ninkaya ya koma yana jan jikinsa a karkace. Mai sanye da roba ba ya biyan wannan farashi sosai. Kuma ba kowa ta taimaka wa daidai ba: mai faɗin jiki da nauyin tsoka ya fi siriri amfana, domin shi ne dama ruwa ya fi riƙewa. Wato ko da an raba wa kowa rigar kyauta, ta riga ta sauya wanda zai zo na ɗaya. Balle ba kyauta ba ce. A 2008 ana sayar da LZR wajen dala 550, ana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin a shiga cikinta, bayan 'yan tsere kaɗan ta saki, wani lokaci ma ta tsage daf da fara tsere.

A Rum ɗin nan ne Paul Biedermann na Jamus, sanye da rigar Arena, ya doke fitaccen ɗan ninkayar Amurka Michael Phelps a mita 200 da minti 1 da daƙiƙa 42.00. A mita 400 kuma ya yi minti 3 da daƙiƙa 40.07, ya goge tarihin Ian Thorpe na Ostareliya da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Biedermann da kansa ya amince rigar ta taimaka masa. Sai a watan Afrilun 2025 ɗan ƙasarsa Lukas Märtens ya sauko da na mita 400 zuwa minti 3 da daƙiƙa 39.96. Na César Cielo na Barazil a mita 100, daƙiƙa 46.91, ya zauna shekara 13 kafin David Popovici na Romaniya ya yi 46.86 a 2022. A tsakanin nan 'yan ninkaya nawa suka shigo, suka yi zamaninsu, suka ajiye, suna bin lokacin da ba a yi shi da kaya irin nasu ba?

Hukumar ninkaya ta duniya FINA, wadda yanzu ake kira World Aquatics, ta haramta rigunan daga ranar 1 ga Janairun 2010. Doka ta ce dole riga ta zama ta saƙaƙƙen yadi. Ta namiji daga cibiya zuwa gwiwa, ta mace daga kafaɗa zuwa gwiwa ba tare da rufe wuya ba, babu zif, babu ɗora riga kan riga. Kaurin yadi kada ya wuce milimita 0.8, ƙarfin da yake ɗaga mutum a ruwa kada ya wuce kimanin nauyin giram 50, kuma dole iska ta iya ratsa shi. Wannan ya yi daidai. Inda hukumar ta gaza shi ne ta bar tsofaffin lokutan yadda suke. Ban ce a goge su ba, domin waɗanda suka yi su ba su karya dokar zamaninsu ba. A dai sa musu alama. An taɓa yin irin wannan a wasu wasannin: da aka sauya ƙirar mashin jifa na maza a 1986 sai aka buɗe sabon lissafi, mita 104.80 da Uwe Hohn ya jefa a 1984 ya tsaya a matsayin tarihin tsohon mashi. Tunda hukuma ba ta yi ba, ɗan jarida zai iya. Idan za a ambaci lokacin 2008 ko 2009, a ƙara da cewa na zamanin rigar roba ne. Kalma huɗu ce.

Abin da ya fi damuna shi ne na gida. Har yanzu akwai rigunan gasa masu tsada da doka ta yarda da su, masu matse jiki, waɗanda aka shafa wa maganin da ke sa ruwa ya zame. Yaron da ya koyi iyo a Tiga ko Challawa, ya zo gasa da gajeren wandon da aka sayo masa a gwanjon Ƙofar Wambai, mai aljihu biyu da ke cika da ruwa kamar jaka, an kayar da shi tun kafin a busa usur idan na kusa da shi yana sanye da irin waccan. Mai zaɓen 'yan wasan jiha kuma lokaci kawai zai duba. Amurka ta hana yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa sa irin waɗannan riguna a mafi yawan gasanninta tun watan Satumban 2020. Mu mun fi su bukatar wannan doka. A gasar makarantu da ta matasa, a sa kowa ya shiga da rigar ninkaya ta yadi mai ɗinkin zare da ake gani. Alƙali ya duba kafin a jera: ya juya bakin rigar ya ga ɗinki, ya tabbatar guda ɗaya ce, ya kara yadin a baki ya hura. Idan iska ba ta fita ta ɗaya gefen ba, akwai roba a ciki.

Sai batun 'yan mata. Dokar kafaɗa zuwa gwiwa an yi ta ne don a rage faɗin jikin da yadin fasaha zai rufe, amma a garinmu ita ce za ta hana iyaye barin 'yarsu ta shiga gasa. Hukumar ninkaya ta Ingila ta sassauta tata a 2017, ta yarda da rigar da ke rufe jiki duka saboda addini, muddin ba ta ƙara wa mai ita gudu. Babu abin da zai hana gasannin jiha su yi haka, a wuraren da aka keɓe wa mata. Rigar sutura ta yadi ba ta ba kowa fifiko, ƙara wa mai ita nauyi ma take yi.

Ga wanda ya riga ya sayi rigar gasa: a sa ta jiki a bushe, a zura leda a ƙafa don ta zame, a ja da tafin yatsa ba da farce ba. Bayan tsere a ɗauraye ta da ruwan sanyi mai tsabta, kada a murɗe ta, a shanya a inuwa, domin maganin kulorin na ruwan wurin ninkaya da zafin ranar Kano su ne ke kashe danƙon yadin.

Kuma duk gasar da aka yi a jihar nan, takardar sakamako ta nuna tsawon wurin ninkayar, mita 25 ne ko 50, da ko agogon hannu aka yi amfani da shi ko na'ura, da irin rigar da aka yarda a sa a ranar.

Na gode.

Wani mai horar da 'yan ninkaya,
Birnin Kano