Saƙo ga 'yan uwa kan rasuwar Alhaji da maganar motar haɗin gwiwa

Assalamu alaikum warahmatullah iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, na Bronx da Harlem da Nujazi, da na Ohayo, Maryland, Teksas, da duk inda Allah ya kai ku neman halal.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana goma sha biyu kenan da rasuwar Alhajinmu, Allah ya jiƙansa ya sa kabarinsa ya zama dausayin aljanna, ya ba Hajiya da yara haƙurin rashi. Mun gode wa waɗanda suka tsaya a asibiti, da masu wanka da waɗanda suka raka shi makwancinsa duk da sanyin nan, da iyayenmu mata da suka riƙe girki har aka yi addu'ar bakwai. Allah ya bar zumunci.

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da mun so mu bari sai an yi arba'in kafin mu ta da wannan magana, sai dai abin da ke yawo a WhatsApp kwana uku ɗin nan, cewa wai Hajiya ta riƙe kuɗin motar haɗin gwiwarmu, ya sa dole mu yi magana yanzu, don wallahi wasu saƙonnin murya da aka turo mana mun ji kunyar sauraronsu, bare a ce sun kai kunnen matar da ke cikin takaba, kuma sun kai.

Ga yadda abin yake, kowa ya ji daga bakinmu. Mu 19 ne muka haɗa dala 1,500 kowannenmu muka sayi motar ɗaukar gangunan kaya. A zaman da aka yi lokacin ma'aji ya kawo shawarar a yi wa sana'ar rajista a matsayin LLC, wato kamfanin da doka ke raba dukiyarsa da bashinsa da na masu shi, akwai waɗanda suka ce ai mu 'yan gari ɗaya ne takardar me za a yi, kuɗin rajista gara a ƙara a sayi taya, wani ma ya ce wannan ai rashin yarda da juna ne. Littafin zama yana nan, ba mu manta wa ya ce me ba, ba dai zamu kama suna ba. Aka watse a kan a sa komai da sunan Alhaji tunda shi ne babba kuma bankuna sun san shi. Ya ƙi, aka roƙe shi ya karɓa. Takardar mallakar mota sunansa, inshora sunansa, akawun ɗin banki sunansa.

Yanzu banki sun rufe akawun ɗin tunda suka samu labarin rasuwa, kuma haka doka ta ce su yi. A idon jihar Niyok (New York) motar nan da kuɗin nan dukiyar mamaci ce, sai an bi ta kotun gado ta Bronx an naɗa wanda zai kula da abin da ya bari. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba a Niyok, matarsa ce ke ɗaukar dala 50,000 na farko da rabin abin da ya rage, yara su raba sauran, babu inda dokar ta san da wata ƙungiya ko wasu mutum 18 da suka zuba kuɗi sai in sun kawo hujja. Hujjar da ke hannunmu littafin ma'aji ne da hotunan tura kuɗi ta waya. Lauyan da muka gani ya ce in dukiyar da ya bari, banda gida ko fili, bata wuce dala 50,000 ba akwai gajeruwar hanya a kotun, ana duba wannan yanzu. Ita kuma Hajiya tun ranar uku ta kira shugaba da liman ta ce ta san motar amana ce, bata son ko sisin wani ya bi mijinta kabari.

Wannan matar ce wasu ke cewa ta zauna a kan kuɗinsu. Haba jama'a. Mutumin da shekara biyu yana tashi da asuba ya duba mai ya duba taya, yana biyan tikitin fakin daga aljihunsa baya faɗa wa kowa sai da muka ga rasit a motar bayan ya rasu, shi ne ƙasar kabarinsa bata bushe ba ake tambayar ina ribar bara. Kuma abin da ya fi mana ciwo, masu ƙarar muryar nan su ne dai waɗanda suka hana a yi takarda tun farko, cikinsu akwai wanda rabonsa da biyan kuɗin wata tun azumin da ya wuce. Wani kuma ya kira gida ya ce shugabanni sun cinye kuɗin mota, har mahaifiyar sakatare aka je aka tara a gida da maganar, tsohuwa mai hawan jini. Mu ba albashi muke ɗauka ba, kowannenmu yana da aikinsa, wani tasi yake ja dare, wani gadi, wata kula da tsofaffi take yi, muna barin barcinmu mu yi wa ƙungiya hidima. In akwai wanda ke ganin zai fi mu iyawa bismillah, zaɓe na nan tafe, ya fito a zama ya faɗa a gaban kowa. Amma a bar matar mutane ta yi takabarta. Mun baro gida mun zo ƙasar da in ka faɗi a hanya babu mai sanin sunan ubanka sai ɗan garinku, gobe wani cikinmu ne za a wanke, kuma waɗannan mutanen dai da ake zagi su ne zasu tsaya a kansa. Kuma masu cewa rubutu rashin yarda ne, malam ya tunatar da mu ranar bakwai cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Saboda haka kwamiti ya yanke, da zarar kotu ta saki mota za a mayar da ita sunan kamfani, kuma ba zamu jira ba, rajistar za a fara ta yanzu. Ga abin da Niyok ke nema da kuɗinsa don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa.

Takardar kafa kamfani ana shigar da ita a ofishin rajistar kamfanoni na jiha da ke Albani, ana iya yi ta intanet, kuɗinta dala 200. Dole sunan ya ƙunshi LLC kuma kada ya yi karo da na wani. Cikin kwana 90 bayan nan doka ta ce a samu rubutacciyar yarjejeniyar gudanarwa tsakanin masu kamfanin, ita ba a kai ta ofis, a hannunmu take zama, amma ita ce zuciyar abin gaba ɗaya, a ciki za a rubuta kason kowa, wa ke sa hannu a banki, yadda ake raba riba, yadda mutum zai fita in ya gaji, da abin da zai faru da kasonsa ranar da ya rasu. Kason Alhaji za a rubuta shi wa iyalinsa, wannan babu muhawara.

Sai wadda ke cin kuɗi, wato sanarwa a jarida. Niyok ta ce cikin kwana 120 sabon LLC ya buga sanarwar kafuwarsa a jaridu biyu, ɗaya ta kullum ɗaya ta mako-mako, sati shida a jere, kuma ba kai ke zaɓar jaridun ba, magatakardan kawuntin, wato gundumar da ofishinka yake, shi ke faɗa maka. In an gama jaridun su baka takardar shaida ka haɗa ka kai Albani da dala 50. Farashin ya danganta da kawunti, a Manhatan yakan haura dala 1,000, a Albani 'yan ɗaruruwa ne, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar wakili mai karɓar wa kamfani takardun hukuma, mai adireshi a can, sai dai shi ma wakilin ana biyansa duk shekara. Ma'aji zai kawo farashin duka biyun a zama a zaɓa. Wanda ya tsallake wannan sanarwa jiha na dakatar da ikon kamfaninsa na yin kasuwanci, ko ƙara bazai iya shigarwa a kotun Niyok ba sai ya gyara. Mun san akwai 'yan uwa masu shago da masu gyaran gashi da suka biya 200 suka ɗauka shi kenan, ku je ku duba takardunku tun wuri.

Bayan haka duk shekara biyu akwai 'yar takardar sabunta adireshi dala 9, da kuɗin shekara na hukumar harajin jiha da ke farawa daga dala 25 yana hawa gwargwadon ciniki. Lambar EIN, wato lambar harajin kamfani da hukumar harajin tarayya IRS ke bayarwa, kyauta ce, duk wanda ya ce ku biya shi ɗari biyu don ita ladan hannunsa kawai yake karɓa. Kuma tunda mu da yawa ne, dole a cike fom 1065 na harajin masu haɗin gwiwa kafin 15 ga Maris duk shekara, kowa a bashi takardar kasonsa ya haɗa da harajinsa, in aka makara tarar ta wuce dala 200 a kan kowane mutum a kowane wata, mu 19 ne, ku buga lissafin da kanku. Don haka kowa ya kawo lambar soshiyal ɗinsa (Social Security) ko ITIN, lambar haraji ta marasa soshiyal, ga sakatare hannu da hannu, kada a turo a guruf.

Masu cewa a je a yi rajistar a jihar Delaware ko Wyoming don an gani a YouTube wai ya fi araha, motarmu a Bronx take aiki, in mun yi rajista a can sai mun dawo mun nemi izinin aiki a Niyok dala 250, kuma jaridar nan dai sai an buga, ga kuɗin shekara na can ga na nan. Biya biyu kenan.

'Yan uwa na wasu jihohi da kuka yi ta tambaya don sana'o'inku: Nujazi 125 sannan 75 duk shekara. Ohayo 99 kuma babu rahoton shekara. Maryland 100 amma 300 duk shekara kafin 15 ga Afrilu. Teksas 300. Carolina ta Arewa, mutanenmu na Greensboro, 125 sannan 200 duk shekara. Kalifoniya buɗewa 70 ne amma ko baka sayar da komai ba sai ka biya 800 duk shekara, kada arahar farko ta ruɗe ku. Ku duba shafin jiharku kafin ku biya don suna taɓa farashi lokaci lokaci, kuma wasiƙun da ke zuwa bayan rajista masu kama da na gwamnati suna neman kuɗin satifiket kaza, ku nuna wa wanda ya sani kafin ku tura ko dala.

Abu biyu kuma kada a ruɗe. LLC baya ba kowa takardar zama ko izinin aiki. Kuma baya maye gurbin inshorar mota ta kasuwanci, haka nan in aka riƙa ɗiban kuɗin kamfani ana cefane da shi kariyar da ake taƙama da ita kotu na iya ture ta, saboda haka akawun ɗin kamfani daban, sa hannun mutum biyu.

Kowane mai kaso zai kawo dala 120 na rajista, jarida da lauya kafin ƙarshen wata, abin da ya rage a dawo da shi da rasit. Iyalin Alhaji ba za a karɓi nasu ba, shugaba ya ɗauke.

Sauran bayanai a taƙaice. Kuɗin wata, mutum 14 ne ake bi, ma'aji zai kira kowa a keɓe sau ɗaya, bayan nan a karanta suna a zama. Asusun jana'iza ya yi ƙasa sosai bayan hidimar nan. Rijiyar gida an kai ga ruwa, saura fanfo. Sunan jaririyar gidan mataimakin shugaba ranar Asabar. Islamiyyar yara ta koma ƙarfe goma.

Zama ranar Lahadi bayan la'asar a ƙasan masallaci, na nesa za a turo muku Zoom. Masu kaso a mota ku zo da shaidar kuɗin da kuka tura, lauya na son kwafi.

Wassalam,
Sakatare, a madadin shugaba da kwamiti