Sanarwa kan tafiyar yara Williamsburg

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayen yara a ɗan duba saƙon nan dan Allah. Tafiyar da muka yi magana ta Williamsburg tana nan ranar Asabar in sha Allah, mota za ta tashi bayan asuba, wanda ya makara sai dai ya biyo mu.

Ga waɗanda ba su san wajen ba, garin ne hedkwatar Virginia ta Amurka daga 1699, zamanin mulkin Ingila, har 1780, daga baya aka gyara shi ya koma kamar da, ma'aikatan ma kayan lokacin suke sawa. Yara za su ga maƙeri da zugazuginsa yana fitar da ƙusa ɗaya bayan ɗaya da guduma, ga masu haɗa ganga ta katako, ga masu hular gashi, wai a lokacin manyan mutane sai da ita suke fita, ga maɗaba'a inda ake jera harafi da hannu. Ni dai wajen bulo ya fi burge ni, da ƙafa ake cuɗa laka kamar yadda ake kwaɓa ƙasar gini a gida, in an bar yara su shiga to a sa musu kayan da ba a jin asararsu.

Abu ɗaya, a yi musu bayanin bauta tun daga gida, kusan rabin mutanen garin baƙar fata ne kuma yawancinsu bayi, za su yi tambaya.

A zo da abinci da ruwa da darduma, tafiyar ƙafa ce sosai. Mai zuwa ya rubuta adadin yaransa a nan kafin Alhamis.