Wasiƙa zuwa Landan: inda littattafan suka ɓuya

Kaduna, daren Laraba.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin Landan bai hana ka masallaci da asuba ba. Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, kowa leɓensa a tsage. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin da ta ba ka ya ƙare.

Saƙonka ya iso, kana tambayar inda aka kwana a kan kundin digirin nan nawa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo. Akwai aike a ƙarshe, kada ka ce ban faɗa maka tun da wuri ba.

Ka san batun da na ɗauka: manufofin hukuma kan jin daɗin jama'a a Arewa, tun daga zamanin En'e har zuwa yau. Wato wa ke ɗaukar nauyin maraya da makaho da tsohon da ba shi da kowa, kuma da kuɗin wa. Ranar da na fara shiga laburare na ɗauka aikin mako guda ne. Yawancin laburarorin jami'o'inmu suna jera littattafai ne bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, kuma a wannan tsarin duk abin da ya shafi taimakon marasa ƙarfi yana ƙarƙashin haruffan HV. Na nufi kantar kai tsaye, na same ta cike, har na yi hamdala. Sai da na fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya jikina ya yi sanyi. Wannan dokar matalauta ta Ingila ta 1601, wancan gyaran da aka yi mata a 1834, ga rahoton Beveridge na 1942 kan inshorar jama'a a Birtaniya, ga dokar fansho da tallafi ta Amurka ta 1935. Littattafai ne masu kyau, na ƙaru da su, amma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin labarin Sarkin Makafi. Mako biyu na yi ina kwafe tarihin talakawan garin da kake zaune, ni da ke neman na Kano da Katsina.

Wanda ya fid da ni wani dattijon ma'aikacin laburare ne, irin waɗanda suka fara aiki tun ana rubuta katin littafi da tafireta. Ya ga kullum ina wuri ɗaya, ya tambaye ni me nake nema. Da na yi masa bayani sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, kai sunan abin kake bi, ba abin ba. Kakanka da wane suna ya san shi?” Ya ja ni zuwa kantar BP, inda littattafan Musulunci suke, ya nuna mini babin zakka da waƙafi. Daga nan muka wuce DT515, tarihin Nijeriya, inda ake maganar baitulmali da yadda Turawa suka narkar da zakkar hatsi cikin haraji. Fansho da inshorar ma'aikata suna HD, talauci da tattalin arziki suna HC. Ashe batuna a warwatse yake a kantoci biyar, kowane yanki da sunan da wani ya laƙaba masa.

Tun daga ranar na canza dabara. Na daina rubuta babbar kalmar Turancin nan, wato “welfare”, a kwamfutar neman littafi, na koma neman ƙananan kalmomi: bara, almajirci, kuturta, yunwa, marayu, adashi, gayya. Da kalmar kuturta kawai na samu abin da ya fi wanda na tara a mako biyun farko, domin ta nan na shiga tarihin Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, inda En'e da 'yan mishan suka haɗa hannu wajen kula da masu cutar. Da kalmar yunwa na faɗa kan yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973, kuma a nan ne mutum ke ganin abin da hukuma take yi idan rumbu ya ƙare, ba abin da take faɗa a takarda ba. Wani abin da dattijon ya koya mini shi ne in daina raina bayan littafi. Idan na samu guda mai amfani, sai in fara da jerin madogararsa, in bi su ɗaya ɗaya kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai wani laburare a wani gari, ba zan kama suna ba, da na biya kuɗin mota na je saboda littafi ɗaya tak da na ga yana cikin jerinsu. Aka duba kanta babu, aka duba wurin ajiya babu, daga ƙarshe aka ce wani babban malami ya ara tun shekarun baya, kuma ba wanda zai iya tunkararsa. A wani wurin na samu littafin, amma babin da nake so an yanke shi da reza, tsaf, kamar aikin tela. Na daɗe ina kallon gurbin. Wanda ya yi haka ɗalibi ne irina, mai karatun yadda za a taimaki jama'a!

Abin da ya kawo ni Kaduna shi ne na gane rabin abin da nake nema bai taɓa zama littafi ba. Safe ina gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ina bin fayilolin sakatariyar lardunan Arewa da na lardin Kano da na Zariya. Da yamma in koma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, in duba kundayen ɗalibai da tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta fi mini littattafai da yawa amfani, saboda a wasiƙun masu karatu kake jin talaka yana kuka da bakinsa. Takardun sun tsufa, wasu in ka ɗaga da ƙarfi sai su karye kamar ƙosai busasshe, ga atishawa ba iyaka.

Na baya-bayan nan, abin mamaki, su suka fi wuya. Dokar soja ta raya jama'a ta 1974 da manufar ƙasa ta 1989 na same su da ƙyar, ɗaya ma fotokwafin fotokwafi ce. Daga nan sai shirye-shirye su yi ta zuwa bi da bi: na matan karkara na Maryam Babangida a 1987, shirin kawar da talauci na NAPEP a 2001, hukumar zakka da hubusi ta Kano a 2003, naira 7,000 da Jigawa ta fara ba naƙasassu duk wata a 2007, shirin samar wa matasa aiki na N-Power a 2016. Kowanne an yi masa biki, an buga ƙasida mai ƙyalli, amma da gwamnati ta sauka sai ƙasidar ta bi ta. A ganina wannan ma wani babi ne a kundin, kodayake malamin da ke duba aikina ya ce in rage zafi. Muƙalun mujallu kam da sauƙi, ina samun wasu a rumbunan mujallu na JSTOR da AJOL idan intanet ta yarda.

To ga aiken. Turawa sun yi dokar raya ƙasashen mulkin mallaka da jin daɗin jama'arsu a 1940, suka faɗaɗa ta a 1945, kuma ina so in san abin da Landan ta yi nufi da ita game da Arewa, domin a nan amsoshin Kaduna kawai nake gani, ba na ganin tambayoyin. Takardun suna gidan adana tarihi na ƙasar Birtaniya da ke Kew, can Landan. Jerin CO 859 na sashen kula da jin daɗin jama'a ne, CO 583 kuma wasiƙun Nijeriya. Katin shiga kyauta ne, ka tafi da fasfo da takardar da ke nuna adireshinka, kuma suna barin mutum ya ɗauki hoto da waya. Zan turo maka lambobin fayil shida, ba ƙari. Ka ɗauki bangon kowane fayil kafin cikinsa, in ba haka ba zan rasa wanne ne wanne. In ka samu sarari ka leƙa laburaren SOAS, makarantar nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Landan, akwai littafi biyu da WorldCat, jerin littattafan laburarorin duniya a intanet, ya nuna mini suna can, sunayensu na tafe tare da lambobin.

Na san Asabar ce kaɗai ranar hutunka, kuma na san uwargida za ta harare ni daga nesa. Ka ba ta haƙuri, ka ce zan biya da kuka da daddawa idan ƙaninka zai taho bayan salla. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokin zamanka na ɗakin kwana.