Wasiƙa daga Obalende kan bugun kusa da rami

Obalende, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan damina ta sa mu gaba, ruwa safe ruwa yamma, ga cunkoson motoci da ka sani.

Na ga hoton sabuwar sandar golf ta dogon bugu da ka saya. Allah ya sanya alheri, amma ka yi haƙuri, mutumina, ba ita za ta rage maka yawan bugu ba. Yi lissafin da kanka. A fili mai ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, an ware wa kowane rami bugu biyu na fota (sandar da ake mirgina ƙwallo cikin rami da ita), wato 36, rabin wasan ke nan. Ita kuwa wannan doguwar da ƙyar za ka zare ta daga jaka fiye da sau 14. Mu sababbin shiga, a cikin taku talatin na ƙarshe kafin rami ake cinye mu.

Tun da maigidana ya fara tafiya da ni Ikoyi Club a matsayin baƙonsa, na fi daɗewa a ɗan filin atisayen da ke gefe. Kulob ɗin tun 1938 yake, kuma a nan shahararren ɗan wasan golf Vijay Singh ya ci gasar Nigerian Open a 1988, tun duniya ba ta san shi ba. Wani dattijon kadi, wato mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, shi ne ya ɗauke ni ɗalibi ba tare da na roƙa ba, kuma karatunsa guda ne: ƙwallo ta sauka ƙasa da wuri, ta yi sauran tafiyar da kanta.

Ga yadda yake sa ni tsayawa idan ƙwallo tana gefen girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Ƙafafu a matse, nauyin jiki ya fi karkata kan ƙafar hagu (mu na-dama ke nan), ƙwallo ta ɗan koma wajen ƙafar dama, hannuwa su riga kan sanda gaba. Wuyan hannu ba ya motsi, kafaɗu ne ke aiki. Ka goge ciyawar kamar mai shara da tsintsiya, kada ka ce za ka cusa sanda ƙarƙashin ƙwallo ka ɗaga ta sama. Bakin sandar an riga an kwantar da shi don wannan aikin. Mai ƙoƙarin ɗagawa, ko ya tona ƙasa ƙwallo ta tsaya a gabansa, ko ya sare ta a ciki ta tsallake girin ta faɗa yashi.

Kuma kada ka kalli tuta. Zaɓi wurin da kake so ƙwallo ta fara sauka, shimfiɗa hankici a wajen, ka yi ta neman sa. Ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 8, ka ga tana ɗan tashi sannan ta yi doguwar mirgina. Canza zuwa weji, sandar da bakinta ya fi kwanciya, ka ga tashin ya ƙaru, mirginar ta ragu. Bugu iri ɗaya, sanda kawai ka canza. Wejin yashi kuwa ka bar shi sai akwai abin da dole ka tsallake. In ciyawar gaban girin gajera ce, fota ma ta isa, ko da abokan wasa za su yi dariya.

Batun fota, ƙarfin bugu ya fi saiti muhimmanci. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal, daga nesa ko ƙwararru ba kasafai suke jefawa ba. Abin nema shi ne ta tsaya kusa, yadda bugu na biyu ba zai sa gabanka ya faɗi ba. Ni da daddare nakan jera murafun gora uku a kan kafet, kusa da tsakiya da nesa, in yi ta tura ƙwallo tana tsayawa a kowanne. Yara sun mai da shi gasa, autar ma har ta fara cin kuɗin alawa a hannuna. A fili kuma, zagaye rami da ƙwallaye a tazarar taku ɗaya, kada ka tashi sai duk sun shiga. Kanka ya tsaya cak, kunne ne zai gaya maka ta faɗa. Tun 2019 doka ta yarda ka bar tuta a ramin kana bugawa.

Sai dai ka auna maganata da filinku. Nan bayan ruwan sama girin yakan yi nauyi, ƙwallo na dira ta lafe, dole a ƙara ƙarfi. Ku da ƙasarku ke bushewa ƙamas da hunturu, gudu za ta yi, don haka ka saukar da ita tun kafin inda idonka ya ce. Filinku na Rayfield kuma tun 1913 ake wasa a cikinsa, ba za ka rasa tsohon kadin da ya san kowane gangare ba. Ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka riƙa yi masa ihsani.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan shigo, ka tanadi dankalin Turawa da jakar sanduna. Wanda ya yi fota uku a rami ɗaya shi zai sayi tsire. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Amininka na Legas