Ba Hassada Ce Ke Sa Ake Yi Wa Apple Kallon Tuhuma Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake yawan yi, wai duk mai kushe kamfanin Apple hassada ce ke cin sa saboda ba shi da kuɗin iPhone. Ban yarda da wannan ba, ko da yake babu mai musun cewa kamfanin ya iya ƙira, kuma tun da ya fito da iPhone a 2007 sauran masu ƙera waya ke bin sawunsa.

Abin da ya zubar da yardar jama'a shi ne yadda kamfanin ke lulluɓe neman riba da daɗin baki. A 2016 ya toshe ramin iyafis a iPhone 7, babban jami'insa Phil Schiller ya kira matakin ƙarfin hali, alhali a taron ne aka gabatar da AirPods, iyafis ɗinsa marar igiya, a kan dala 159. A 2020 ya daina saka kan caja a kwali da sunan kare muhalli, amma mai saye bai ga ragi a farashi ba.

Wanda ya fi ci wa mutane rai shi ne batun batir. Shekara da shekaru masu tsofaffin wayoyi suna kukan cewa wayar kan yi nauyi bayan sabunta manhaja, ana ce musu zargi ne kawai, sai a Disambar 2017 kamfanin ya amsa cewa lallai yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa domin kada su riƙa mutuwa ba zato. Hujjar tana da ma'ana, to amma me ya hana a faɗa tun farko? Da an faɗa, mutum zai canza batir ne maimakon ya sayi sabuwar waya. A kan wannan ɓoyon ne Faransa ta ci tarar kamfanin yuro miliyan 25 a 2020.

Lamarin ya shafe mu, domin da yawa daga cikin masu riƙe iPhone a nan ta hannu suka saya. Mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano zai buɗe waya, ya ɗora mata batir mai kyau, yana kunna ta sai ga saƙo cewa ba a iya tantance ingancin batirin ba, mai waya kuma ya ɗago kai ya kalle shi da zargin ha'inci.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano