Kafin a ce fungas ne, a duba yadda aka ɗebi jinin

Edita, ina gaisuwa. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana nas-nas da likitoci kan abin da ya daɗe yana damuna a ɗakin gwaje-gwaje.

Gwajin beta-gulukan, wanda muke neman alamar fungas (ƙwayoyin cuta dangin funfuna) a jini da shi, yana da laulayi ƙwarai. Shi gulukan wani sinadari ne da ke jikin fungas. Da jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa ake haɗa sinadarinsa, kuma ko ɗan burbushin gulukan ya gamu da shi sai ya nuna. A samfurin gwajin da ake kira Fungitell, daga pikogiram (wani ɗan mitsitsin ma'aunin nauyi) 80 na gulukan a mililita ɗaya zuwa sama ana cewa akwai alamar cuta, ƙasa da 60 kuma babu. To amma ba fungas kaɗai ke kawo gulukan cikin jini ba. Bandejin da ake tsane jini da shi a wurin tiyata yana da shi. Haka ƙarin albumin, wato furotin ɗin jini da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya, haka wasu matatun wankin ƙoda.

Akwai ranar da sakamakon wani bawan Allah ya haura 80 nesa ba kusa ba. Takardar da ta biyo jininsa ba ta ɗauke da komai sai suna da lambar gado. Hankalina bai kwanta ba, na kira ɗakin da yake kwance. Ashe shekaranjiya aka yi masa tiyata, an kuma ƙara masa albumin, ga shi har ana shirin sa masa amfoterisin B, maganin fungas ɗin da kowa ya san yadda yake wahalar da ƙoda. Likitan, Allah ya saka masa da alheri, ya dakata. Bayan 'yan kwanaki muka sake ɗiba, sakamakon ya sauko ƙasa da 60.

Sai kuma kwalbar da ke zuwa mana da ruwan jini jawur, saboda an ja sirinji da ƙarfi ko an jijjiga kwalbar har jajayen ƙwayoyin jini sun fashe. Irin wannan, da mai maiƙo fari kamar madara, da na mai shawara da ya yi rawaya sosai, duk suna rikita karatun na'ura, domin launi take aunawa.

Don Allah idan mun dawo da jini mun ce a sake ɗiba, kada a ɗauka ƙyuya ce. A ja sirinji a hankali, a juya kwalba sannu, a rubuta mana a takarda ko an yi wa majinyaci tiyata, wankin ƙoda ko ƙarin albumin, da ranar da aka yi.

Daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje